Zagayen duwatsun Birnin Kudu da ɗalibai: ta ina ake farawa?

Malamin Firamare:
Salamu alaikum. Muna so mu kai yara 30 su ga zanen dutse na Birnin Kudu a ƙafa, su kuma ga tsuntsaye. Yaya za a tsara?

Ɗan Jigawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara neman izinin ma'aikatan hukumar gidajen tarihi da ke kula da wurin, su ba ku ɗan jagora. Ku fito bayan asuba, ku soma da Dutsen Habude, sannan Dutsen Mesa. Yawancin zanen na shanu ne marasa tozo, da jan launi, ba irin shanunmu na yanzu ba. Kada yaro ya shafa, kada a watsa ruwa wai don hoto ya fito. Gumi da danshi ne ke cinye launin. Akwai kuma duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya yi nazarinsu a shekarun 1950.

Mai Kallon Tsuntsu:
Talatin a tare, ai ko hasbiya ba za ta tsaya ba. Ku raba su goma-goma, a yi shiru. Fakara da sassafe take kiwo a gindin dutse, hantsi na yi ta shige ciyawa.

Uwar Gida:
Takalmi rufaffe, ban da silifa. Kowa ruwa lita 2. Kuma kada a cusa hannu cikin kogo, kububuwa da kunama can suke fakewa.