Zubin alminiyam mai soso a ciki don rage nauyin mota

Abin da na tsinta daga hirar da muka yi da maƙera da makanikai a Bauchi: alminiyam kusan kashi 1 cikin 3 ne na nauyin ƙarfe, to idan aka zuba shi kewaye da alminiyam mai huji-huji kamar soso nauyin sai ya ƙara raguwa kuma yana shanye bugu. Amma fa sun ja kunne sosai, alminiyam na narkewa wajen digiri 660, in ka wuce da zafi soson cikin ma narkewa zai yi ya rufta. Yashin zubi kar ya jiƙe da yawa, tururi na barin ramuka. Masu zubin tukwane suka ce a fara da murfi ko braket (ɗan abin da ke riƙe wani sashe a jikin mota) tukuna, ni dai birki da sitiyari ban yarda a taɓa ba wallahi.