Mamaya ko ƙaura? Cacar bakin da ta ɓarke a zaure kan asalin Ariyawa

Ɗan Kurmi: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun watan Satumban 2019 aka fitar da sakamakon gwajin DNA na ƙwarangwal ɗin wata mata da aka tono a Rakhigarhi, ɗaya daga tsofaffin biranen wayewar Indus, a jihar Haryana ta Indiya, aka tarar babu ɗigon jinin makiyayan filayen arewa da tsakiyar Asiya, waɗanda ake dangantawa da Ariyawa, a jikinta. Amma har gobe ana koya wa yara wai wasu farare da ake kira Ariyawa sun mamaye Indiya, sun kawo mata harshe da addini. Ƙaryar Turawan mulkin mallaka ce, don su ce ai ba su suka fara ba. Makon jiya na kawo maganar nan, ba wanda ya tanka. Da hoton kilishi na saka, da yanzu sharhi ya haura ɗari.

Malam Na'ibi: To ga shi an tanka. Mamaya? Wa yake cewa mamaya yanzu? Mortimer Wheeler, masanin tonon kayan tarihi ɗan Birtaniya, ne ya ɗora wa Indra, abin bautar Ariyawa, laifin rushe biranen Indus a 1947, hujjarsa wasu ƙwarangwal 37 da aka samu a yashe a Mohenjo-daro. A 1964 George Dales ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ba a zamani guda suka mutu ba, babu tokar gobara, babu tarin makamai, kuma ko ɗaya ba a same shi a tudun da ganuwa take ba. Biranen sun fara zama kufai wajen 1900 kafin miladiyya, lokacin da damina ta yi rauni, koguna suka sauya hanya. Abin da masana ke faɗa yau ƙaura ce, ayari bayan ayari, tsakanin 2000 da 1500. Kana dukan gawa, ɗan'uwa.

Ɗan Kurmi: An canza wa tuwo suna ke nan. Da aka kama su da ƙarya sai suka ce ƙaura.

Malama Mai Alli: Malam Na'ibi, kai ma kada ka wanke kalmar tas. Rigveda, tsohon littafin waƙoƙin ibadar Ariyawa, cike take da yaƙi. Ana yi wa Indra kirari da mai fasa pur, an ce ya rushe pur 99 na abokin gabarsa Shambara. Wanda ya zo kiwo kawai me ya haɗa shi da rushe garun mutane?

Malam Na'ibi: Malama, pur ba birni ba ne irin Harappa ta Indus mai titi da magudanar ruwa ta jan bulo. Shinge ne na laka ko dutse da ake tsere wa hari a ciki da shanu. Ki duba yaƙin sarakuna goma a bakin kogin Parushni, wato Ravi na yau: Sudas na Bharata ne ya kara da taron ƙabilu, da yawansu Ariyawa 'yan'uwansa. Harin shanu ne da rigimar ruwa. Ba rundunar sarki ɗaya ba ce ta taso da tuta.

Malama Mai Alli: Wanda aka kore wa garke ka je ka gaya masa ba mamaya aka yi masa ba.

Baƙon Zaure: Ni a ganina a ce hijira, a huta.

Gwani: Subhanallah. Hijira? Hijira gudun tsira da addini ce. Masu bautar Indra da Agni, masu shan soma, abin shan ibadarsu, su za a liƙa wa wannan kalma? A ce ƙaura.

Baƙon Zaure: Allah gafarta Malam, kullum rediyo na cewa 'yan gudun hijira, ba ka taɓa kai ƙara ba.

Gwani: Rediyo ba hujja ba ce a wajena.

Mai Lissafi: Ku bar ni in koma kan matar nan, tunda da ita aka buɗe magana. An gwada samfuri 61 daga maƙabartar Rakhigarhi, ɗaya tak ya ba da DNA, saboda zafi da laimar yankin suna cinye shi a cikin ƙashi. Ita ma ba a iya auna shekarun ƙashinta kai tsaye ba, da kayan da ke kewaye aka kiyasta ta tsakanin 2800 da 2300 kafin miladiyya. To masu cewa an yi ƙaura sun ce bayan 2000 aka shigo. Matar da ta rasu tun baƙi ba su iso ba, ta ina jininsu zai shiga jikinta? Rashinsa shi ne daidai abin da ake tsammani. A ranar da mujallar Cell ta buga wannan, Science ta buga wani binciken na tsofaffin gawawwaki 523. A ciki akwai mutum 11 daga Gonur ta Turkmenistan da Shahr-i-Sokhta ta Iran masu irin jinin matar, su ma babu na makiyayan arewa. Sai ga kaburburan kwarin Swat a Pakistan, na tsakanin 1200 da 800, ga jinin nan ya bayyana. Babu kafin 2000, akwai bayan 1200. Wani ya shigo a tsakani.

Ɗan Kurmi: Amma Vasant Shinde, wanda ya jagoranci tonon, da bakinsa ya shaida wa 'yan jarida cewa sakamakon ya rushe batun zuwan Ariyawa. Ka fi shi sani ne?

Mai Lissafi: Takardar da sunansa ke kai ta fi shi. A cikinta an rubuta cewa hanyar da ta fi dacewa da shigowar harsunan Ariyawa irin Sanskrit, harshen Rigveda, ita ce ta makiyayan da suka biyo ta tsakiyar Asiya. Abin da aka faɗa gaban makirfo daban, abin da aka sa wa hannu daban.

Malama Mai Alli: Yawwa, tunda an zo nan. Zuriyar DNA da ake kira R1a, reshen Z93, ta uba ake gadonta, kuma ta fi yawa a Indiyawan yau fiye da yadda jinin makiyayan yake a sauran jiki. Ma'ana maza ne suka fi shigowa. Maza zalla, da dawaki, su auri matan gari, harshen gari ya koma nasu. Malam Na'ibi, da Hausa me ake kiran wannan?

Mai Lissafi: A hankali, Malama. A mazan Swat ɗin nan R1a ya yi ƙaranci ƙwarai, alamar cewa a can ta wajen mata jinin ya fi shigowa. Ba salo ɗaya aka bi ko'ina ba. Kuma ƙashi ba ya magana, ba ya gaya maka yaren mai shi.

Ɗan Farisa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kalmar da ya kamata a tsaya a kai ita ce Ariya, ba mamaya ba. Ɗan Kurmi ya ce farare. Wa ya ce launi ne? Sarki Dariyus ya sa an sassaƙa a kabarinsa na Naqsh-e Rostam cewa shi Ba'ariye ne, zuriyar Ariyawa. Sunan Iran kansa daga nan ya fito, ƙasar Ariyawa. Avesta, tsohon littafin addinin Iran, na kiran yankin Punjab Hapta Hendu, Rigveda na cewa Sapta Sindhu, koguna bakwai: inda Indiya ke da s, Iran na da h. Soma, haoma. Asura, ahura. Suna ne da masu yare ɗaya da ibada ɗaya ke kiran kansu. Turawan ƙarni na 19 suka mai da shi launin fata, Hitila ya ƙarasa ɓata shi. Shi kansa Max Müller, masanin Sanskrit da ya yaɗa kalmar a Turai, daga baya ya yi tir da masu haɗa harshe da siffar ƙoƙon kai.

Gwani: Kowace magana aka ɗauko sai ka kai ta Iran. Mun gane.

Ɗan Farisa: Kai kuma kowace magana sai ka mai da ita fatawa.

Baƙon Zaure: Don Allah a bar wannan.

Malam Na'ibi: Ga abin da masu cewa daga Indiya harshen ya bazu ba su taɓa warwarewa ba. Yarjejeniyar sarkin Hitti Suppiluliuma da Shattiwaza na daular Mitanni da ke arewacin Siriya, ƙarni na 14 kafin miladiyya: an rantse da Mitra, Varuna, Indra da Nasatya. Littafin horon dawaki na Kikkuli, mutumin Mitanni, yana ƙirga zagayen fili da aika, tera, panza, satta, wato ɗaya, uku, biyar, bakwai. Aika ita ce tsohuwar siffar eka ta Sanskrit, Iraniyawa aiwa suke cewa. Sannan Sanskrit ba uwar sauran ba ce. Latin na da que, Girkanci na da te, Sanskrit na da ca, duka ma'anarsu "da". Sautin k ba ya komawa c sai in e ko i na gabansa. Ke nan akwai e a asali, Sanskrit ta mai da shi sautin "a" bayan ya gama aikinsa. Ita ta sauya, ba su ba. Ga kuma sautukan naɗe harshe da ta cika da su, waɗanda Latin da Girkanci ba su da su, harsunan Dirabidiya irin Tamil kuwa gidansu ne.

Ɗan Kurmi: To karusan Sinauli fa? A 2018 aka tono su a gundumar Baghpat, na wajen 2000 zuwa 1800 kafin miladiyya. Ga karusar yaƙi a cikin Indiya. Ina buƙatar baƙo?

Mai Lissafi: Ka kalli ƙafar. Ta Sinauli falankin katako ce cikakkiya, an yi mata ado da tagulla. Nauyi gare ta. Ratha, karusar Rigveda, ƙafarta mai sanduna ce daga cibiya zuwa baki, irin ta keke, don gudu. Mafi tsufar irin wannan a Sintashta aka samu, gabas da kudancin duwatsun Ural, wajen 2000, an binne ta tare da dawaki da kayan linzami. A Sinauli ba a sami doki tare da su ba.

Ɗan Kurmi: Karusa ce.

Mai Lissafi: Amalanke ce.

Ɗan Kurmi: Amalanke ake binne jarumi da ita da takobi da garkuwa?

Malama Mai Alli: Doki dai shi ne ƙashin bayan maganar. Rigveda ta ambace shi sama da sau 200. Hatiman Harappa kuwa ga giwa, ga karkanda, ga damisa, ga bijimi, babu doki. Ƙasusuwan Surkotada da Bökönyi ya ce na doki ne, Meadow da Patel sun ce ba a iya raba su da na jakin jejin Kutch. Hatimin dokin da aka yi ta yayatawa a shekarar 2000 ta miladiyya, da aka duba asalinsa, ɓallen hatimin bijimi mai ƙaho ɗaya ne aka gyara hotonsa.

Sarkin Dawaki: Rigveda ta ce dokin hadaya haƙarƙarinsa 34. Dokin arewa 36 gare shi, 18 kowane gefe. Ke nan dokin gida ne.

Mai Lissafi: Dokin Larabawa ma akan same shi da 17 kowane gefe. Shi ma ɗan Indiya ne? Ƙidayar haƙarƙari na bambanta ko a garke ɗaya.

Sarkin Dawaki: Ka taɓa ƙirgawa?

Baƙon Zaure: Abin ya yi kama da rigimar Bayajidda fa. Turawa su ma sun so a ce duk wata sarauta a Afirka baƙo ne ya kawo ta.

Gwani: Kada ka taɓo Daura a nan. Wannan zaure ba zai ɗauka ba.

Malama Mai Alli: Ɗan Kurmi na ta cewa ƙaryar Turawa. Jyotirao Phule ba Bature ba ne, shi ya riƙi batun zuwan Ariyawa tun 1873 yana kare talakawan ƙasa daga danniyar Barahmanawa, ajin limaman Hindu. Tilak, ɗan kishin ƙasa, a 1903 cewa ya yi daga ƙuryar arewacin duniya suka fito. Har yau jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya ba ta yarda da maganarka ba, a Janairun 2025 ma gwamnatinta ta sa ladan dala miliyan 1 ga wanda ya karanta rubutun Indus. Wa ke amfana in aka ce ba wanda ya shigo, ka tambayi kanka.

Ɗan Kurmi: Ambedkar, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, shi ma ɗan talakawan ne, kuma bai yarda da mamayar ba.

Malam Na'ibi: Mamayar! Mun dawo gidan jiya.

Mai Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. An yi ittifaƙi cewa babu wata mamaya, Wheeler ya yi kuskure, kamar yadda Ɗan Kurmi ya faɗa tun farko. Matar Rakhigarhi ta tabbatar da cewa masu biranen Indus 'yan ƙasa ne. Sinauli ta nuna suna da karusa. An amince Ariya ba launin fata ba ne. Sauran bayanan yare da na ƙwayoyin halitta hasashe ne na jami'o'in Turai da Amurka, masu su ma ba su daidaita ba. Za a rufe.

Malam Na'ibi: Ranka ya daɗe, ina ka kai Mitanni? Ina kaburburan Swat?

Mai Lissafi: Kuma ban yarda karusa ce ba, a gyara.

Ɗan Farisa: Maganata ce kaɗai aka ɗauka, ita ma ba a ambaci sunana ba.

Sarkin Dawaki: Har yanzu ba a ba ni amsar haƙarƙari biyun da suka ɓata ba.