Surukata 'yar ƙasar Sin ce, cin abinci ya zama tashin hankali a gidana

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Shekarata tara da aure a Toronto. Maigidana ɗan asalin ƙasar Sin ne, yana yaro iyayensa suka kawo shi Kanada, ya musulunta kafin mu haɗu. Bara mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa, Mama, ta dawo gidanmu, ni kuwa na rasa sukuni. 'Yata mai shekara shida in ta rage ko loma ɗaya, Mama za ta tsaya a kanta sai ta cinye, tana kuka tana haɗiya. Sito cike da buhunan shinkafa, wanda ya lalace ma ba a zubarwa. Yarinya ta ci 92 a jarrabawa, aka ce ina sauran takwas ɗin? Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya maigidan ne. Magidanci mai shekara 41, Mama na ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai, daga baya ya ce shi ma haka aka raine shi. In tunkare ta ne, ko in ci gaba da haƙuri?

'Yar Maraɗi: Wa alaikumus salam. Wace shekara aka haifi surukar taki, a wane lardi?

Mai tambaya: 1952, a wani ƙauye a Anhui.

'Yar Maraɗi: Allah sarki. Ashe tana shekara bakwai aka shiga babbar yunwar nan ta 1959 zuwa 1961, kuma Anhui na cikin inda ta fi ɓarna. Masana da dama na ƙiyasta mutum wajen miliyan 30 suka mutu a faɗin ƙasar, har ɓawon itace aka ci. Tana 14 shugaban Sin Mao ya ƙaddamar da juyin juya halin al'adu a 1966, aka rufe makarantu, ba a dawo da jarrabawar shiga jami'a ba sai 1977. To ga dalilin tara shinkafar, ga kuma na neman makin nan takwas. Kakata ta ga yunwar 1984, wadda mu a Nijar muke kira El Buhari. Har ta koma ga Allah ba a raba ƙarƙashin gadonta da ƙullin gero.

Anti Malama: Na tausaya mata, amma ba jikarta ce ta jawo yunwar ba. Ɗura takan sa yaro ya tsani abinci. Sai dai ke suruka ce, bakinki ba zai yi ba, ɗanta ne zai faɗa mata da harshensu, ba a gaban yarinyar ba. In ya kasa buɗe baki, ku nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a Toronto akwai masu jin Sinanci. Kafin nan ki bar yarinyar ta riƙa zuba wa kanta kaɗan, in ta cinye ta ƙara. Shinkafar sito kuma ki ƙyale wa tsohuwa abarta.

Maƙwabciyar Sinawa: Suna da kalmar "chi ku", wato cin ɗaci, juriyar wahala ba tare da ƙorafi ba, kuma abin yabo ne a wurinsu. Tsofaffinsu ba kasafai suke cewa "yi haƙuri" ba. Ki lura, bayan faɗan ba ta yanko 'ya'yan itace ta kawo?

Mai tambaya: Ikon Allah! Kullum sai ta fere tuffa ta ajiye wa yarinyar a bakin ƙofa. Ni duk a zatona wata ɗurar ce. Anti, yau in yara sun kwanta zan zauna da maigidan.