Shawarwarin da aka ba mai karanta labarin Shekem

A wani zama da muka yi, an shawarci wanda zai karanta Littafin Farawa sura 34, cikin Littafi Mai Tsarki, kada ya riƙe fassara ɗaya. Shekem, ɗan sarkin garin Shekem, ya yi wa Dinatu, 'yar Yakubu, fyaɗe. Sai 'yan'uwanta Saminu da Lawi suka jira kwana na uku bayan kaciyar da aka gindaya wa mazan garin a matsayin sharaɗin auren Dinatu, mazan suna cikin zafin ciwo, suka karkashe su duka.

Wani ya ce a fara da Musa bin Maimun, malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204. A ganinsa mutanen garin sun cancanci kisa, domin sun ga laifin ba su gurfanar da ɗan sarkinsu ba. Nan take aka ce a haɗa da Musa bin Nahman, wani malamin Yahudawa, wanda ya ƙi wannan: in hukunci ne, me ya sa Yakubu ya tsine wa fushin Saminu da Lawi a sura 49, yana bakin mutuwa? Ni nan zuciyata ta tsaya, don raina bai kwanta da jinin marasa hannu ba.

Aka kuma ce a duba littafin annabi Ezekiyel sura 18, inda ɗa ba ya ɗaukar laifin uba.