Neman shawara: kundin mastas kan manyan taurari da hasken eksire

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina mastas a fiziks, an ba ni batun nazarin manyan taurari masu zafi, ajin O da B, da ke cikin gungun taurari sabbin haihuwa, ta hanyar hasken eksire da suke fitarwa. Ba mu da na'urar hangen nesa, kwamfutata ma ta kwana biyu. Zuciyata ta fi kwanciya da yankin Carina saboda ƙaton tauraron nan Eta Carinae da ke can. Don Allah aikin zai yiwu daga nan? Ta ina zan kama?

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, 'yata. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare eksire, don haka ko masanin da ke Amurka daga sararin samaniya ake aiko masa da bayanai. Manyan na'urorin biyu ne: Chandra ta NASA, da aka harba a Yulin 1999, da XMM-Newton ta Turai, a Disambar shekarar. Galibi bayan shekara ɗaya ana sakin abin da suka ɗauko, kowa ya sauke kyauta. Ki sa Linux, ki sauke manhajar CIAO da ake sarrafa bayanan Chandra da ita.

Amma Carina ta fi ƙarfin mastas. Binciken da Chandra ta yi a can ya gano ɗigon haske sama da 14,000. Ki koma gungun Oriyon, yana kusa, tazarar shekarar haske kamar 1,350. A Janairun 2003 Chandra ta zuba masa ido kusan mako biyu, aka samu ɗigo 1,616, kuma an riga an jera su.

Wani mai digirin digirgir a fannin: Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, zan ɗan sa baki. Ƙanwata, tarkon farko shi ne ɗaukar kowane ɗigo a matsayin babban tauraro. Mafi yawansu ƙananan taurari ne da ba su gama girma ba, masu yawan tartsatsi. Sai kin haɗa matsayin kowane ɗigo da jadawalin taurari irin na Gaia ko 2MASS kafin ki san da wa kike magana. Ko ɗigon ya faɗo daidai kan tauraro ajin B, wani lokacin ƙaramin abokin zamansa ne ke haskawa.

Ga ma'aunin da za ki riƙe. Tauraro ajin O yana hura iska mai gudun kilomita 2,000 ko fiye a daƙiƙa. Iskar ba ta tafiya sumul, wani sashe yana cin karo da wani, ya yi zafin digiri miliyoyi. Eksiren da ke fitowa daga nan kusan kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na dukkan hasken tauraron. Wanda ya zarce haka, ko zafinsa ya yi yawa, nan kundinki yake. Ko dai taurari biyu ne iskarsu ke gwabzawa, kamar biyun da ake kira lamba 9 a gungun Cygnus OB2, masu zagaye juna cikin shekara 2.35, haskensu ya ƙaru idan sun matso juna, ko kuma maganaɗisu ne ke tattara iskar, kamar Theta-1 Orionis C na gungun Oriyon da haskensa ke hawa da sauka duk kwana 15.

Inda na saɓa da Malam: wannan tauraron na Oriyon ya yi wa kyamarar Chandra haske da yawa. Ƙwayoyin haske biyu sukan faɗa gurbi ɗaya a lokaci guda, a ƙirga su a matsayin ɗaya mai ƙarfi, lissafin zafi ya karkace. Mai koyo zai sha wahala. Ni Cygnus OB2 zan ba ki, ki zaɓi taurari kaɗan.

Wata 'yar'uwa: Kada ki sauke komai lokaci ɗaya, data za ta ƙare a banza. Ɗauki kallo guda, ki bi darasin CIAO har ki fitar da hoto a ds9, manhajar duba hotunan. Kuma a gungu mai cunkoso Chandra ce, XMM tana cakuɗa maƙwabta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya, ai na karanta cewa ƙura ta rufe Cygnus OB2. Ba za ta ɓata lissafin ba?

Mai digirin digirgir: Za ta cinye eksire mai rauni, mai ƙarfin ya wuce. Shi ya sa a manhajar XSPEC, wadda ake lissafin zafin da ita, ake saka yawan iskar gas da ke tsakaninmu da tauraron kafin a nemi zafinsa. Ki samo adadin daga binciken hasken gani na wannan tauraron, kada ki bar manhajar ta yi miki canke. In kin fitar da na farko ki turo nan mu duba.