404 ɗin tsoho, a bisa me zan ɗora ta kafin a yanke ƙasan?

Mai 404: Salamu alaikum 'yan zaure. Peugeot 404 ce ta marigayi babanmu, ta daɗe kwance a gida nan Yantala, na cire moter da kujeru, ƙasan duk tsatsa ta cinye har kana hango rairayi ta wajen ƙafar direba. Mai suduri ya ce mu ɗora ta bisa bulo huɗu ya yanke tol ɗin. Ni dai hankalina bai kwanta ba

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Ɗana kar ka yarda da bulon siminti, ciki rami ne, ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake kuma mutum na ƙarƙashi. Kirik ma na ɗagawa ne ba na riƙewa ba. Ka nemi shandel, wato ƙafafun ƙarfe da ake ɗora mota bisa, guda huɗu masu ƙarfi, ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙasa tunda gidanku rairayi ne, in ba haka ba ƙafa ɗaya ta nutse da dare, ka wayi gari mota ta murɗe

Ɗan Adar: Baba ya hwaɗi gaskiya amma ba nan babbar matsalar take ba. 404 ɗin nan ta shiga ba ta da shasi daban irin na Land Rover, tun da anka fara ƙera ta a 1960 jikin ne ka ɗauke da kanshi, ƙarfin duka yana ga ƙasan da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Ka yanke su babu tokari, tsakiya ta lotsa. Mu munka yi wannan gangancin da wata 504 a Tawa, munka yanke gefe biyu rana ɗaya don sauri, da anka gama suduri ƙofar baya ta ƙi ruhuwa, sai ka ɗaga ta da gwiwa kana turawa, har yau mai motar in ya gan ni sai ya tuna min

Mai 404: Subhanallah. To yaya ake tokarin yaya?

Ɗan Adar: Tub kare, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, a kasuwar Katako za ka samu ko na hannu ne. A liƙa ɗaya a kowane bakin ƙofa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ɗaya daga hagu zuwa dama, sannan biyu a gicciye cikin motar. Ɗigon suduri kawai don a iya cirewa. Kuma ka bar ƙofofin a jiki, su ne shaidarka, tazarar bakinsu ta canza ka san wani abu ya motsa. Gefe ɗaya a gama shi tukuna a taɓa ɗayan

Tsohon Makanike: Ka auna kusurwa zuwa kusurwa da metir ka rubuta a bango kafin wuta ta taɓa ta. Tiyon ruwa na magina ya isa ka daidaita tsayin shandel ɗin. Wajen sa kirik na asali kuwa ka soke shi da turnabis tukuna, yawanci shi ke fara ruɓewa, gara ka tokare inda ƙafafun motar ke ɗaure

Hajiya Mai Kaya: Ni ban san mota ba amma don Allah a cire tankin esansi, ko babu komai ciki tururin na kamawa

Mai 404: Hajiya wallahi yana nan jiki na manta 😅 gobe da safe zan sauke shi. Baba shandel ɗinka nawa ne a garaji, a ara min ko biyu ne

Tsohon Makanike: Biyu ne ba na aiki da su yanzu, ka aiko yaro bayan la'asar