Gandun teku ko hurumin teku?

Jiya da yamma a majalisarmu ta Tudun Wada, ana sauraron labarin jiragen Sin da na Filifin da ke ta gogayya a Tekun Kudancin Sin, sai mai labarai ya ce "yankin tattalin arziki na musamman". Wani dattijo ya juyo gare ni: "Malam, kasuwa aka gina a cikin ruwan?" Abin ya dame ni, domin fassarar ce ta ɓatar da shi.

EEZ ake nufi, gajeren sunan yankin a Turance. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa mil 12 daga gaɓarta, nan ikonta cikakke ne. Ta kuma ba ta har mil 200, wajen kilomita 370, ya fi Zariya zuwa Abuja nisa. A wannan faɗin, kifi da mai da iskar gas nata ne, amma ba ta da ikon tare jirgin da ke wucewa.

Wani ɗalibi daga Samaru ya ce mu kira shi hurumin teku. Kalma ce mai kyau, sai dai yau in an ce hurumi, iko kunne ke ji, kamar yadda ake cewa kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Don haka mil 12 ɗin nan ya fi dacewa da ita.

Na mil 200 kuwa, ni gandun teku na zaɓa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya san gandu: amfanin na mai shi ne, dawa da kara duka, amma burtali ya ratsa, kuma ba ya hana shanu bi.

Da waɗannan kalmomi na sake yi wa dattijon bayani. Sin ta ja layi mai ɗigo 9 a taswirar tekun, wanda ya haɗiye gandun maƙwabtanta. A 2016 kotun sulhu a Hague ta ce layin ba shi da tushe, Sin ta ce ba ta san zancen ba. Amurka kuma tana turo jiragen yaƙi da sunan kare burtali, alhali ita kanta ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba.

Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe rikicin iyakar gona ne, irin na Bakasi."

Ma'aikatan rediyo da malaman Hausa na ABU, Allah ya gafarta muku, ku gwada gandun teku a baki ku ji.